Shafukan Da Suka Fi Ciniki

Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, tun safe ake yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa ƙasa sosai amma yana sa takarda ta yi laushi ta maƙale a inji. Ina rumfata ina ɗinkin takalmi sai ga Anti Kwafi ta fito daga kwaleji ba lema, ta wuce ni ko gaisuwa babu. Shekara goma sha huɗu muna maƙwabtaka a bakin ƙofar nan, ba ta taɓa yin haka ba.

Sana'arta buga wa ɗalibai kwafin takardu. Da 'ya'yanta suka tasa, ta ce ita ma za ta shiga ta karanci adabin Birtaniya, tunda littattafan duk sun bi ta hannunta. Sai dai ta san shafukan da ake rububin bugawa in jarrabawa ta matso, ta haddace su kaɗai. Malamin kuwa ya tambayi yadda kowane zamani ya haifi na bayansa. Ta faɗi jarrabawar. Dama ɗaya ta rage mata, in ta sake faɗuwa sai sallama.

Na leƙa na ce, "'Yar nan, wa ya mutu?"

"Baba, wayona ne ya mutu."

"Allah ya jiƙansa. Dama ba shi da lafiya."

Ta yi dariya da hawaye a ido.

Washegari ta ɗauko babban littafin adabin tun daga farko, wurin da ba mai bugawa. Ta ce Turancin mutanen dā, ko Baturen yau sai an fassara masa. Ta kafa doka: duk zamanin da ta gama za ta ba ni labarinsa da Hausa, in ban gane ba, to ita ce ba ta gane ba. Haka na ji labarin jarumai masu yaƙi da dodanni, da masu wasan kwaikwayo a gaban sarakuna, har muka zo kan waɗanda suka bar birni suka koma yi wa duwatsu da tsuntsaye waƙa.

"Me ya kore su?"

"Haka littafi ya ce."

"Littafi na tambaya ko ke?"

Sau uku muna maimaita wannan zamanin. Rannan inji na ta aiki sai ta leƙo ta ƙwala mini kira.

"Baba! Iyayensu sun cika ƙa'ida, komai sai an auna, ga hayaƙin masana'antu ya rufe gari. 'Ya'yan suka gaji, suka fita shan iska."

Na ce, "Yanzu kika zo."

Ta ci jarrabawar. Makin ba yawa, amma ta ci. Yanzu tana shekarar ƙarshe, da safe tana aji, da rana tana rumfarta.