Na Rufe Gimbiya a Ɗakin Wake

Ina da shekara ashirin da biyu a lokacin, aurena bai cika shekara biyu ba, muna zaune a wani ƙaramin gida a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Duk wanda ya san ni a wancan zamani ya san ba abin da nake so kamar littattafan soyayya, irin waɗanda ake shimfiɗawa a bakin kasuwa. Tun ina budurwa nake karanta su, har na haddace yadda ya kamata masoyi ya kasance: mai ƙamshin turare, mai kalmomin da ke narkar da zuciya, wanda in matarsa ta ɓata rai zai hana kansa abinci sai ta yi murmushi. Sai Allah ya ba ni miji mai gyaran injin ban-ruwa a lambunan Jiratawa. Da baƙin mai a farce yake dawowa, kuma maganar da yake yi a yini guda ba ta taka kara ta karya ba. Mutumin kirki ne, amma a lokacin kirki kaɗai bai ishe ni ba.

Cikina na fari ya zube yana wata huɗu. Na shige ɗaki na ƙi fita, ko littafi na kasa buɗewa. Wadda ta tsaya mini ita ce maƙwabciyata da katanga ta raba mu, mai suyar kifi a ƙofar gidanta. Ta girme ni nesa, Yaya nake ce mata. Ita ta riƙa dafa mini ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, ta tsaya a kaina sai na shanye, tana yi mini tsiya wai in ban ci abinci ba iska za ta ɗauke ni ta ajiye a Tsibiri wajen uwar mijina. Ni kuwa abin da zuciyata ke jira shi ne maigida ya zauna ya riƙe hannuna ya faɗa mini kalmomin da na sani a littafi. Bai faɗa ba. Wata rana da la'asar sai ga shi da kwalin tumatir ɗaure a bayan babur. Na ɗauka tsaraba ce. Da ya buɗe, sai na ga 'yar mage ƙanƙanuwa, fara mai baƙin kunne ɗaya, idanunta ko gama buɗewa ba su yi ba. Ya ce a rumfar injin ya tsince ta, uwarta ba ta dawo ba, wai ita ba uwa ni ba aikin yi, sai mu riƙe juna. Na juya masa baya don haushi. Amma da ya fita masallaci ta fara wani siririn kuka, ban san lokacin da na tashi na ɗumama madara ba.

Da ƙaramin cokali na raine ta. Na sa mata suna Gimbiya, maigida yana dariya wai gimbiyar da aka kawo a kwalin tumatir. Ita ta fitar da ni tsakar gida. In ina karatu sai ta hau ta kwanta a kan shafin, in ina salla ta zauna a gefen darduma har in sallame. Tun babur ɗin maigida yana kwanar layi take gane ƙararsa ta ruga zaure. Shi da ba ya magana, sai ga shi yana hira da mage, yana tambayar ta ko uwar ɗakinta ta ba ta abinci yau ko tana can ta nutse a soyayyar mutanen da ba su taɓa zuwa duniya ba. Ta bakin Gimbiya muka koyi wasa da juna. Laifinta ɗaya, ƙamshin kifi. Takan haura katanga, sau biyu tana ɗauke wa Yaya kifi daga tire. A karo na biyu Yaya ta ɗaga murya ta saman katanga, ta ce in gaya wa 'yar gatan nan tawa in ta kuma sai ta soya ta tare da tarwaɗa ta sayar. Muka yi dariya har da maigida. Wasa ne, kowa ya san wasa ne.

Da kaka ta yi, Inna, mahaifiyar maigida, ta aiko mana da buhun wake biyu daga gonarta a Tsibiri, tare da ƙwayar maganin ƙwari da ake kira bom, ƙulle cikin leda. Ta yi mini bayani ta waya: a naɗe ƙwayar a tsumma a cusa cikin buhu, a rufe ɗaki, a toshe taga da ƙasan ƙofa, kada kowa ya buɗe sai bayan kwanaki. Muna da wani ɗan ɗakin ajiya can kusa da zaure, nan aka jibge buhunan. Maigida ya ce in bar shi sai ranar Juma'a ya yi da kansa, don abin ba na wasa ba ne. Ni kuwa na ga ƙwari sun fara yawo a bakin buhu, kuma ina son Inna ta ji cewa surukarta ba karatu kaɗai ta iya ba. Ranar Laraba da hantsi na tashi yin aikin. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai daga baya ita ce, da littafi a hannuna na yi shi. Saura shafi kaɗan in san ko masoyan za su haɗu, na sa yatsa a tsakiyar littafin, na cusa maganin da hannu ɗaya, na ja ƙofa na toshe ko'ina da tsummoki, na koma gindin bishiyar bedi na ci gaba. Ban leƙa bayan buhunan ba. Na san Gimbiya na da tsohon ciki, na ga kwana biyu tana shiga lungu-lungu tana neman wurin haihuwa, amma ko kaɗan abin bai faɗo mini a rai ba.

Bayan azahar na ji ana karta ƙofar ɗakin daga ciki, a hankali, sai a tsaya, sai a sake. Na ɗaga kai na saurara. Sai na yi murmushi na ce ashe har ɓeraye maganin nan yake kamawa. Na mayar da idona kan littafi. Wannan ƙarar ita ce har yau take tashe ni daga barcin rana.

Da maigida ya dawo Gimbiya ba ta tarbe shi ba. Ya zagaya layi yana kiran ta, na ce ƙila ta tafi haihuwa wani gida. Sai washegari da safe, bayan ya fita, ina shara na iso ƙofar ɗakin waken, sai kartar jiya ta faɗo mini a rai, tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na toshe hanci da gyale na banka ƙofar. Tana nan kwance dab da bakin ƙofa, ta miƙe, jikinta ya sandare. A bayan buhunan kuma, cikin kwalin da nake tara tsofaffin littattafaina, ga 'ya'ya uku da ta haifa, su ma sun mutu. Ta bar su ne ta zo ta kira ni. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ko ranar da cikina ya zube. Sannan tsoro ya kama ni. Na naɗe su a tsohon zane, na haƙa rami a bayan kewaye na binne, na mayar da ƙofar yadda take, na wanke fuska.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce tsautsayi ne. Amma da yamma maigida ya zauna ya kasa cin tuwo, yana ta juya zancen inda za ta shiga. Na dube shi na ga in na faɗa, ɗan wasan da ya shiga tsakaninmu zai mutu tare da ita. Sai na ji bakina yana tambayar sa ko ya tuna abin da Yaya ta ce a kan kifinta. Ban ce ita ta yi ba, iyakar abin da na ce ke nan. Ya ajiye cokali. Tun daga ranar ya daina tsayawa sayen kifi a wajenta, gaisuwa ma sai ta ɗaga hannu daga kan babur. Matan layi suka tambaye ni ina magen, na ce ban sani ba, amma dai akwai wanda ya taɓa yi mata alkawari. Kafin sati ya zagayo, zance ya koma cewa mai kifi ta sa wa magen amarya guba. Har wasu suka fara cewa wadda ke ajiye guba a gida ba a cin abin hannunta, ciniki ya ja baya.

Yaya ta shigo gidana da rana tsaka, hannunta duk garin suya. Ba ta yi faɗa ba. Ta kira ni ƙanwarta, ta ce in dubi idonta in faɗa mata ko na yarda za ta iya. Na sunkuyar da kai na ce Allah ne masani. Ta goge hannu a zane, ta fita. Bayan wata biyu ta kwashe kaskonta ta koma wajen ɗanta a Sabon Gari.

Wake ya yi kyau, ko ƙwaro ɗaya babu, Inna ta yi ta sa mini albarka. Ni kuwa duk ranar da na dafa shi ba na iya ci. Na rame, na daina karatu. Maigida ya ɗauka kewar Gimbiya ce kaɗai, sai ya fara cigiyar wata 'yar mage wajen masu lambu. Ranar da ya gaya mini an samu, na durƙusa a gabansa na faɗi komai, har da kartar ƙofa. Ya saurare ni har ƙarshe. Daga baya ya ce mage kwananta ne ya ƙare, wannan zai iya haƙura, amma matar da na sa ya daina gaisarwa fa, wa zai biya ta? Ya ce in ɗauko mayafi.

Mun sami Yaya tana suya a bakin titi a Sabon Gari. Na faɗa mata a gaban ɗanta da masu saye, don a gaban mutane na ɓata ta. Ta saurara tana juya kifi. Da na gama ta ce ta yafe, duniya da lahira. Sai ta ƙara da cewa abin da ya fi ƙona mata rai ba cinikin ba ne. Ashe kullum da safe takan ajiye wa Gimbiya kan kifi a saman katanga, kuma bayan ɓatanta ta yi sati tana ajiyewa ko za ta dawo. Ta ce ita ma ta yi rashi, amma na hana ta ko ta shigo ta yi kuka tare da ni. Na koma layinmu na bi gida-gida na wanke ta, amma ba ta dawo Zariya ba, kuma gaisuwarmu yanzu ta ranar salla ce kawai.

Na rubuto ne don 'yan uwana mata, musamman yanzu da amfanin gona ke shigowa gidaje. Maganin nan bai san ƙwaro ba, bai san mage ba, bai san ɗan mutum ba. Kada a sa shi kusa da ɗakin kwana, kuma kafin ki ja ƙofa ki ajiye duk abin da ke hannunki ki leƙa kowane lungu. In kin ji motsi a bayan ƙofar da kika rufe, ki tashi ki duba. In kuma ƙaddara ta riga ta faɗa ta hannunki, ki faɗa a ranar, da bakinki, komai nauyinsa. Ni na ji tsoron fushin yini ɗaya, sai na ɗora laifina a kan matar da ta yi jinyata. Gimbiya ban kashe ta da niyya ba. Abin da na yi wa Yaya kuwa, ina sane na yi shi, kuma shi ne wanda har yau nake roƙon Allah gafara a kansa.