Yadda Gem Ya Ci Gonar Kagoma

Gonar ba tamu ba ce, aro ce. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya ce ƙwace mana aka yi. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, kuma tun yana saurayi ya ƙulla abota da wani manomi a wajen Kagoma. Mutumin ya yanka masa fili a gefen rafi ya ce ya noma. Sharaɗin ɗaya ne, shi ma ba a taɓa faɗinsa da baki ba: ranar da maigonar ya kira gayyar huɗa, namijin gidanmu zai je da garmarsa. Su masu zuwa coci ne, mu masu salla, saboda haka akuyar gayya ba a yanka ta sai maigidana ya iso. Shi ake miƙa wa wuƙa, don kowa ya ci daga tukunya ɗaya. Su sha burkutunsu, shi a dama masa kunu. Ko shekarar da garin nan ya hargitse, maƙwabta suka daina gaisawa a kasuwa, damina na sauka ya ɗaure garma a bayan mashin ya tafi. Na yi masa faɗa, bai ko waiwayo ba.

Bayan rasuwarsa cittar gonar nan ce ta riƙe gidan. Ita muke fasawa mu shanya, 'yan kasuwa su zo da buhuna. Babban ɗana yana Kaduna da iyalinsa, don haka wuƙar ta koma hannun autana. Ya gama sakandare, reluwe ta daina ɗaukan mutane, jirgin ma sai ya ga dama yake shigowa. Daminun farko ya je gayyar, ya dawo da kanta a tafin hannu yana ba ni labarin yadda suka yi masa dariya.

Sai yayansa ya zo da sana'a a cikin kwali. Talabijin ce da wani ɗan inji mai igiyoyi biyu, kowace igiya da abin dannawa a bakinta, yaran suna ce masa hannu. Ana cusa wa injin kaset ta ka, hoto ya fito. Sunan abin gem. Aka share zaurena, aka jera benci biyu, yara suka fara biya suna bugawa. Ban so ba, amma an ce sana'a ce, kuma zaman banza ya fi ta muni.

A bakin ƙofar zauren nake zama ina ɓarar gyaɗa. Ba na karatu, ban san abin da ake rubutawa a jikin gilashin ba, amma ido ba ya buƙatar makaranta. Na kalli abin nan har na san shi fiye da wasu masu biya.

Ba zan yi masa ƙarya ba don ya cuce ni. Gem ba ya son kai. Ɗan mai kuɗi ya zauna da ɗan mai turin kura, wanda ya iya shi ke ci, injin bai san uban kowa ba. Kuma a zauren nan na ga abin da na daɗe ban gani ba a unguwarmu: yaron da ya fito daga koyon waƙar coci da wanda ya fito daga Islamiyya, cinya na gugar cinya a benci ɗaya, suna zagin juna zagin wasa.

"Ka mutu! Kawo hannu!"

"Wallahi hannun ne ya maƙale."

"Kullum hannu ne. Jiya ma hannu ne ya jefa ka rami?"

"Inna, kin gani ai, ba maƙalewa ya yi ba?"

"Na ga ka faɗa rami," in ce, in ci gaba da ɓarata.

Akwai kaset ɗin da na ga hankali a cikinsa, wanda tubala ke faɗowa daga sama ana juya su ana jerawa. Wanda bai iya shirya doya a rumbu ba, ba zai iya wannan ba. Ka bar rami a ƙasa, ramin zai biyo ka har sama. Rannan wani yaro yana ta ɓarna, ban san sanda na ce, "Kwantar da dogon mana, sakarai!" ba. Zauren ya ɗauki ihu. Amma shi ma da aibinsa: ba a cin sa. Duk iyawarka ƙara maka sauri yake yi har ka kasa. Ban taɓa ganin aikin da ladan ƙwarewa a cikinsa shi ne a ƙara maka wuya har ka faɗi ba, sai ko aikin gidan miji.

Na dambe kuwa shirme ne. Ƙarti biyu su doki juna har ɗaya ya kwanta, ba wanda ya faɗi abin da ya haɗa su, ba mai rabo. Su tashi ba ko kumburi.

Wanda na tsana shi ne kaset ɗin doguwar tafiya. Wani ɗan mutum ne da bindiga yana gudu, kullum gaba, ba ya waiwaye. Ba ya cin abinci, ba ya gaida kowa. Duk wanda ya tare shi a hanya harbi ne, bai taɓa tsayawa ya tambaya ko baƙo ne ya ɓata ba. In an kashe shi sai ya sake faɗowa daga sama da sabuwar riga, rai uku gare shi. Kyansa, kowane daji da ya shiga daban ne, har ni nakan so in ga abin da ke bayan dutsen gaba. Nan mugun abin yake. Kuma injin ba ya riƙe inda ka tsaya. In aka ɗauke wuta, ko ka kai ƙofar ƙarshe, sai ka koma farko kamar ba ka taɓa tashi ba. Shi ya sa mai bugawa ba ya iya ajiyewa. Na sha kiran Auta cin tuwo ya ce, "Inna, in na tashi na yi asara." Mai sana'ar ya zama babban mai ciniki, yara na tsaye da kuɗinsu suna jiran ya mutu.

Maigonar ya aiko tun da wuri cewa gayya ranar Asabar ce. Na faɗa wa Auta, na sake faɗa. Na wanke garmar da kaina na jingine ta a zaure inda zai gan ta. A makon nan an yi kwanaki ba wuta, sai da asubar Asabar ɗin aka kawo. Ina idar da salla na ji kiɗan abin nan.

"Auta, rana za ta yi."

"Yanzu, Inna. Mashin ne, ba nisa."

Hantsi ya fito, yara sun cika zauren, ba mai bugawa sai shi, sauran sun yi tsit. Ya kai wani wuri mai jan sama da ba wanda ya taɓa kaiwa a unguwar. Na tsaya a kansa.

"Tashi."

"Inna, na riga na gyara. Na tura mutum."

"Ka tura wa?"

"Wani ɗan ƙodago daga tasha. Ƙato ne, ya fi ni huɗa sau biyu. Na ba shi garmar, na biya masa mashin. Su dai ba aiki suke so ba?"

Bai ɗauke ido daga gilashin ba yake faɗa. Na duba, garmar ba ta nan. A zauren nan in ka gaji sai ka miƙa wa na kusa da kai hannu, ɗan mutumin ya ci gaba da gudu, bai san an canza ba. Haka ɗana ya ɗauki gayya. Na kai hannu zan fizge igiyar daga bango, wani yaro ya ce, "Inna, don Allah!" kamar zan yanka wani. Ko na fizge, rana ta riga ta yi.

Ɗan ƙodagon ya dawo kafin la'asar, garmar ko ƙasa ba ta taɓa ba. Ya ce sun ba shi kunu, sun gode, sun ce ya gaida gida.

Washegari Lahadi ce, na bari sai Litinin. Na sayi gishiri da manja na hau bas. Na tarar da dattijon a ƙarƙashin mangwaro yana gyaran ƙota. Ya tsufa ƙwarai. Ya sa aka kawo mini kujera, muka gaisa, ya tambayi yara, na tambayi jikoki. Hausarsa irin ta can ce, ba ta raba mace da namiji.

"Matar abokina, ka sha hanya."

"Baba, na zo ban haƙuri. Yaro ne."

"Ciwo ya yi?"

Da na ce ciwo ne, da ya karɓa. Ya ba ni ƙofar da kansa, ina gani. Amma yaran Kagoma ma suna zuwa zaurena ranar kasuwa, maganar za ta iso.

"Lafiyarsa ƙalau. Wasa ya tsaya yi."

Ya ɗago kai daga ƙotar. Sannan ya nuna mini wani turke a gefen rumbu.

"Akuya yana nan a ɗaure tun safe. Mata sun hura wuta, ruwa ya tafasa, ya ƙone, sun ƙara. Mutane suna huɗa suna duba hanya. Na ce ku jira, ɗan abokina yana zuwa, shi zai yanka. Rana ya kai tsaka, sai ga wani da ban san ubansa ba, ya ce an biya shi." Ya girgiza kai. "Ni ban ba garma aron gona ba. Garma muna da shi."

"Baɗi zai zo. Ni zan kawo shi da hannuna."

"Yarana biyu sun dawo daga birni, aiki ya ƙare. Tun bara suna cewa, Baba, ƙasan rafi fa? Ina ce musu, mutanen nan ko lokacin wuta sun zo. Shi ne bakina. Ranar Asabar a gaban kowa babban ya ce, Baba, yanzu fa? Ban samu abin faɗi ba." Ya ajiye ƙotar. "Ku cire citta na bana, naku ne. Bayan nan yara za su shiga."

Ban roƙe shi sau biyu ba. Gaskiyarsa ce. Ya karɓi gishirin, ya sa aka ɗaura mini doya a bas.

Da na dawo na tarar da Auta a zaure, talabijin a kashe. Ya ga doyar, ya ga fuskata, bai tambaya ba. Ni na tambaya.

"Ka kai ƙarshen?"

"Na kai."

"Me aka ba ka?"

Wani ƙaramin yaro da ke kan benci ya riga shi amsawa, da murnarsa: "Inna, jirgin sama ya zo ya ɗauke shi, aka yi rubutu, sai ya koma farko. Amma yanzu sun fi sauri!"

Da kaka muka je muka cire cittar, ni da shi da mata biyu. Ya yi aiki kamar jaki. Da muka gama ya je ya durƙusa a gaban dattijon, dattijon ya sa masa albarka, ya tambaye shi ko yana cin kasuwa. Muna ɗora buhun ƙarshe 'ya'yan gidan suna auna bakin rafin da ƙafa.

Injin bai kai damina biyu ba bayan haka. Wani ya buɗe shago kusa da tasha da sabon samfuri da janareto, yaran suka kwashe suka koma can, na cocin da na Islamiyyar duka. Namu ya fara cin kaset, sai an hura masa iska da baki, daga baya ko an hura ba ya tashi. Auta ya tafi Kaduna wurin yayansa yana koyon gyaran rediyo. Garmar na nan a bayan ƙofa. Citta kuwa, tun daga shekarar nan a kasuwa nake saye, ƙulli-ƙulli, kuma sau da yawa a hannun matar babban ɗan dattijon. Takan ƙara mini gyara.