Kurnar da Kawu Sale Ya Bar Mini a Gidan Wani

Shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, mutumin da ya yi mini hanya na zo Doha aikin gadi. Duk shekara in watan ya zagayo, addu'a nake yi masa in ja bakina. Bana na kasa, don abin da ya bar mini gado an sare shi wata huɗu da suka wuce, ina tsaye ina kallo.

Kawu direba ne. Ya fi shekara ashirin yana tuƙa wani dattijo a unguwar Ain Khaled, dattijon ne kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, a ɗan ɗakin bayan gidan yake kwana. Tun farkon zuwansa ya dasa kurna a gefen ɗakin, sidra suke ce mata a nan. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki yake tarewa a bokiti yana ba ta, safe da yamma. Lokacin da na zo na tarar da ita ta wuce katanga, inuwarta ta rufe ɗakin har ta leƙa titi. Duk Juma'a bayan masallaci 'yan ƙasarmu sukan taru a ƙarƙashinta, ya dafa mana shayi, yana yi mana faɗa kada wani ya karya mata reshe.

To ga abin da nake so ku gane. A garinmu ƙasa daban, itace daban. Mutum zai sayar da gona ya ce ban da ɗorawar can, ta Inna ce, kuma mai saye ya yarda, duk shekara jikokin Inna su shiga gonarsa su kaɗe abinsu. Wanda ya dasa, nasa ne. Da wannan Kawu ya tashi, da shi ya shigo jirgi, bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai inda ba haka ba ne. Shi ma dattijon gidan in baƙi sun zo sai ya nuna ya ce bishiyar Sale ce, Kawu kuwa ya ɗauki maganar shaida.

Shi ya sa a gadon asibiti, kwana biyu kafin ya cika, da ya gama cewa a kai agogonsa da kayan sawarsa gida, ya kamo hannuna ya ce, "Nafi'u, kurnar nan taka ce. Kada ka bari a taɓa ta."

Na ce to, Kawu. Wallahi ko a raina ban ji wani abu ya yi kuskure ba.

Shekara huɗu ina zuwa duk ranar hutuna, daga Sanaiya inda masaukinmu yake, in share ƙarƙashinta in ba ta ruwa. Awudu, abokin ɗakina ɗan Zongon Kumasi, ya sa mini suna Magajin Kurna. Yakan ce wasu kawunansu sun bar musu mota, ni an bar mini inuwa, inuwar ma sai na buga ƙofar wani kafin in zauna a ciki. Sai dattijon ya rasu, magada suka sayar da gidan, bara aka zagaye shi da kwano. Za a rushe a gina gida biyu.

Nan na haukace da karatu. Ni ban wuce sakandare ba, amma na zauna da waya a bakin aiki ina bin dokokin bishiya na garuruwan duniya, kuma abin da na gani ya ɗaure mini kai. Ashe akwai biranen da in bishiya ta kai wani kauri, ko a tsakar gidanka take, ba ka isa ka sare ta ba sai ka nemi izini. Jami'i zai zo ya auna ta daidai ƙirjin mutum, ya duba ko lafiyarta ƙalau. In ya yarda ka sare, sai ka dasa wasu. Hujjarsu ita ce inuwa ba ta tsayawa a katanga, maƙwabci na sha, mai wucewa na sha, kuma abin da ya ɗauki shekara ashirin ba a maye gurbinsa da ɗan tsiro a roba. Kun ji fa, kusan maganar garinmu ce, su dai sun rubuta ta. Har igiya na ɗauka na je na auna kurnar daidai ƙirjina, na zo ina nuna wa Awudu tsawon igiyar, ya ce in rataye ta a wuya in tafi kotu.

Ni ba lauya ba ne, ba zan ce muku ga abin da dokar ƙasar nan ta ce ba. Na san dai bishiyoyin titi da na lambunan gwamnati ana kula da su, ba mai taɓa su haka kawai. Amma duk wanda na tambaya kan ta cikin gida, tambayarsa ɗaya ce: sunan wa ke kan takardar filin? Ba sunan Kawu ba ne. Ba nawa ba ne. Wanda ke da bakin magana shi ne yake son a sare.

Duk da haka na je wurin injiniyan da ke kula da ginin, da guntun Larabcina. Na ce masa bishiyar nan tawa ce, gado na ci. Ya tambayi takarda, na ce babu, amma duk layin nan sun san Sale ne ya dasa. Ya fara dariya, da ya ga fuskata ya daina. Ba mugu ba ne. Ya buɗe zanen ginin ya nuna mini da yatsa, daidai inda kurnar take nan ne garejin gida na biyu. Na roƙi a cire ta da saiwarta a kai wani wuri, ya ce saiwar ta shige ƙarƙashin katanga, khalas, wato magana ta ƙare.

Ranar da za a sare na ɗauki hutu, Awudu ya raka ni, ranar bai yi zolaya ba. Mutum uku ne da injin yanka. Ɗaya sai da ya cika aljihunsa da 'ya'yanta kafin ya tayar da injin. Kafin shayin da na saya ya huce, ta kwanta. Sai ga injiniyan ya nufo ni.

"Kai ne mai bishiya, ko? Yalla, kwashe kayanka kafin azahar, motar yashi za ta shigo."

Ranar kaɗai wani ya yarda tawa ce. Muka ari mota muka loda, sai muka tsaya muna kallon juna, don ba a shiga masaukinmu da itace. Ƙarshe wani maƙwabcin gidan ya karɓa, ya ce zai yi wuta da shi in sun fita sahara lokacin sanyi.

Ina yawan tunanin me Kawu zai ce. Na san ba zai zagi kowa ba. Cewa zai yi a je wurin mai unguwa a kira dattawa, in ce masa Kawu nan ba mai unguwa. Kuma ban san ta yaya zan gaya masa cewa ko a garinmu yanzu ana yanka gonaki fuloti, mai saye ya tura ɗorawar Inna ya ƙona gawayi, ba mai cewa uffan. Abin da yake riƙe da shi a baki yake, bakunan kuma suna ta ƙarewa. Shi ya sa nake damun kowa da maganar a rubuta, a gida ma, tun da sauran manyan itatuwa a tsaye.

Abin da ya rage na Kawu a Doha bai da yawa. Kabarinsa, da mu 'yan kaɗan da ya koya wa hanyoyin garin nan, yanzu kowa a ɗakinsa yake shan shayin Juma'a. Alƙawarin da na yi masa ban cika ba, kuma har yau ban ga yadda zan iya cika shi ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa inuwar da muka sha ta zame masa sadaka.

Mahaifiyata ce ban iya gaya wa ba. A wurinta ƙaninta ya bar dukiya a ƙasar Larabawa, kuma ɗanta ke riƙe da ita. Makon jiya a waya ta tambaye ni ko kurnar Sale ta yi 'ya'ya, in aiko mata ko kaɗan ne in an samu mai zuwa. Na ce mata bana ba ta yi ba.