Shekarar da Magaji Ya Nemi Kashin Shanu

Yayana Magaji manomi ne a Adabka, kuma tunda nake ban ga mai taurin kai irinsa ba. In ka ce masa ga rami, sai ya faɗa tukuna, sannan ya tambaye ka don me ba ka ɗaga murya ba. Da kansa kaɗai abin ya shafa da ban damu ba. Amma gonar da yake nomawa ta gado ce, ita ke ciyar da Inna, da iyalinsa, da ni Rakiya da na dawo gida da marayu uku.

Zamanin Baba, da an gama girbi sai wani makiyayi amininsa, Baffa Bala, ya kawo shanunsa su sauka a gonar. Su ci kara, su kwana, su zubar da kashi. Duk bayan 'yan kwanaki a matsar da makwancinsu gaba, har su zagaye gonar kafin ruwa ya sauka. Baba ya ba shi damin gero biyu da goro, matar Baffa ta riƙa aiko wa Inna nono. Haka muka tashi muka gani.

Shekarar da Baba ya rasu, Magaji ya gano masu kiwon turke a Gummi suna sayen kara. Baffa Bala ya iso da shanunsa bakin gona, ya tarar an share ta tas kamar tsakar gida.

"Magaji, mi ya hwaru?" in ji shi.

"Zamani na, Baffa. Ga takin buhu nan hwari ƙal, babu wari. Wa ka tsayawa wahala da kashin shanu?"

Tsohon ya juya. Ya kaɗa shanunsa zuwa gonar maƙwabcinmu Abdussalam. Inna ta yi faɗa har muryarta ta dushe, Magaji ya ce tsufa ne.

Ba zan yi masa ƙarya ba, dawa ta yi kyau shekarun farko. Sai dai ƙasar ta koma rairayi, ba ta taɓuka komai sai an ba ta. Buhu biyu ya koma huɗu, huɗu ya koma shida, shi kuwa yana ta washe baki.

Bayan shekara goma sai muka ji a rediyo wai yaƙi ya ɓarke a wasu ƙasashe masu nisa, jiragen ruwa sun daina dakon taki. Hatta kifin ƙanƙara ya ɗauke a kasuwar Gummi. Inna ta ce, "To mu mi ya haɗa mu da su?" Magaji ya ce abin kwana biyu ne, bai sayi ko mudun taki ba lokacin da ake ganinsa jefi-jefi.

Ruwa ya sauka, shuka ta fito, babu taki. Ya hau mashin ya je Bukkuyum, ya je Gummi, ya je Anka. A can wani ya ja shi bayan shago ya sayar masa da buhu ɗaya. Da muka kwance, rabi yashin gulbi ne. Wallahi ranar sai da na fita daga gidan don kada in faɗi abin da zan yi da-na-sani.

Sai a lokacin ya tuna da Baffa Bala, kamar ana fafe gora ranar tafiya. Ya je rugarsa da goro, ya durƙusa ya roƙi a kawo shanu.

"Yanzu da shuka ta hito?" in ji tsohon. "In sa su su cinye ta? Taki da rani aka yin shi, ɗana. Babanka bai gaya maka ba?"

Da kaka gonar Abdussalam ta yi duhu, tamu kuwa ko gwiwa dawar ba ta wuce ba. Layin kan iyaka kaɗai ya yi kai, inda ruwa ya gangaro da kashin shanun daga gonar maƙwabci. Dami tara muka ɗaure, mu goma sha huɗu a gida. Tun kafin rani ya raba muka koma tuwo sau ɗaya a yini.

Magaji dai ya ƙi sayar da kara a shekarar. Ya bar shi a gona, ya ware damin gero biyu da ya samo wurin surukinsa, ya sayi goro. Kullum da hantsi ya je ya zauna bakin gona yana duban hanyar ruga. Abdussalam ne ya ji tausayinsa ya gaya masa Baffa Bala ya tashi da iyalinsa da shanunsa tun kafin girbi, sun yi kudu, ba wanda ya san inda suka sauka.

Har yanzu haushinsa nake ji. Amma ranar da na kai masa fura na tarar da shi yana ɗaga karan, gara ta cinye shi ta ƙasa, sai na ajiye ƙwaryar na dawo gida.