Hancin Kawu

Shekara goma sha bakwai Kawu ya yi yana neman abincinsa da hanci. Ni shida na yi a gefensa, amma har yau in na tuna wurin sai na tofar da yawu.

Kamfanin narka roba ne, in har za a kira shi kamfani: fili, rumfar kwano, injin niƙa, sai tukunyar narkarwa. Motoci su zo su juye mana duk abin da bola ta tara, fasassun bokitai, jarkokin mai, silifas wari ɗaya, har da fo na yara wanda ko ɗauraya bai gani ba. Mata su tsince, a wanke a wani rami da ke bayan fili, a niƙa, a narkar. Ni kuma in danna narkakkiyar a mazubin ƙarfe, ta fito ƙafafun kujera da hannun baro da murafun kwata.

Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ne mai tantancewa. Roba ba iri ɗaya ba ce. Wasu suna narkewa tare lafiya lau, amma irin ta bututun ruwa, muddin ta shiga tukunya, ta ɓata zubin ke nan, kuma hayaƙinta yana cin ƙarfen mazubi. Bututu kowa ya san shi da ido, sai dai 'yar banzar tana ɓuya a kwalabe da takalma. Duk abin da matan suka yi shakka a kansa sai su jefa a kwandon Kawu. Ya yanko guntu da wuƙa, ya kara masa ashana, ya hure, ya kai hanci.

"Warin kyandir. A niƙa."

"Wannan mai yaji ce. Ku fitar min da ita."

Shi ya sa ake ce masa Hanci, kuma sunan yana fasa masa kai. Yakan ce ko injiniya mai takarda bai isa ya ja da shi ba.

Wata rana da zafi muka zauna cin abinci. Ya buɗe kwanon da Inna, matarsa, ta zubo masa. Miyar ta lalace, har ta yi kumfa. Kawu kuwa ya kai loma, ya ƙara.

Na riƙe hannunsa. "Kawu, ba ka ji ba?"

Ya ture kwanon gefe. "Wata takwas ke nan," ya ce a hankali. "Ko warin fetur ba na ji. Launin wutar nake kallo, sauran kuma dace. Ka rufa min asiri, ɗan nan. In mai gida ya ji, korata zai yi, kuma wa zai ɗauke ni a shekaruna?"

Na rufa. Sai ga shi an kawo buhunan roba da aka riga aka niƙa a wani wuri, komai a cakuɗe. Kawu ya ƙona ƙwaya uku, ya kai hanci kamar kullum, ya ce a zuba. Tukunya ba ta daɗe da ɗaukar zafi ba wani wari ya tashi mai yankar maƙogwaro. Mata suka toshe hanci da bakin zani suka yi waje, ni ma na bar injin. Kawu na tsaye a tsakiyar rumfa da wuƙarsa, yana kallonmu.

"Lafiya?" ya ce.

A gaban mai gida ya faɗi haka. Zubin ya fito duk ƙuraje, kana taɓa ƙafar kujera ta ruguje.

Na zaci ashar za a sha. Ina! Mai gida dariya ya yi, har da riƙe ciki. Ramin wankin nan ya daɗe yana ba shi ciwon kai. Baƙin ruwa ne mai yauƙi da ɗoyi, tsutsa na iyo a kai, duk wanda aka sa ba ya cika sati.

"Ashe mai ramin yana nan tare da mu," ya ce. "Baba, gobe ka zo da gajeren wando."

Kawu ya durƙusa ya yi godiya. Wallahi ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar yadda na ji ta mai gidan nan ba, kuma na ji tawa, don ina tsaye ban ce uffan ba.

Yanzu shekararsa biyu a ramin, ruwa har cinya. In an tashi sai ya je famfo ya yi wanka sau uku da sabulun wanki, har fatarsa ta yi fari. Warin ba ya fita, ya riga ya shiga jiki. Inna ba ta taɓa faɗa masa ba, sai dai ta yawaita buɗe taga.

Ran nan da na biya ta wurin, na tarar da shi a bakin famfo. Ya miƙo min hannu. "Shinshina, ɗan nan. Tsakaninka da Allah, ya fita?"

Na sunkuya, na danne numfashi. "Ya fita, Kawu."

"Madalla," ya ce, yana ɓalle maɓallin sabuwar rigar da ya ciro daga leda. "'Yata, 'yar'uwarka, ta haihu jiya. Daga nan can za ni, in ɗauki jaririn."

Na bar shi ya tafi.