Ranar da Alhaji Tanko Ya Koma Shuɗi

Har yau ban manta da ranar da aka kawo mana Alhaji Tanko mahauci cikin keke napep ba, abokan sana'arsa na biye da shi a ƙasa suna salati. Lokacin ina shekara ta biyu da fara aikin nas a ɗan asibitin Likita Isiyaku da ke Agege, can bayan layin dogo.

Ku da kuka zo daga baya ba ku tarar da Likita yana aiki ba. Ɗan unguwa ne, a nan aka haife shi, yana jin Yarbanci kamar Hausa. Akwai gidajen da ya duba kaka, ya duba uwa, ya duba jika. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kafa tebur a ƙofar asibiti ya auna wa mutane hawan jini kyauta. Mutum ɗaya ne ya ƙi zama a teburin nan shekara da shekaru, shi ne Alhaji Tanko. Cewa yake yi wanda ya taɓa kayar da bijimi shi kaɗai da hannu ba ya buƙatar a ɗaure masa damtse. Babu wanda bai ji labarin bijimin nan ba a mayanka.

Tsarin aikinmu shi ne, idan mara lafiya ya zo, a buɗe masa kati, ni in auna zafin jiki da jini, sannan ya bi layi. Amma idan na ga alamar haɗari, sai in tsallake da shi kai tsaye wurin Likita. Ɗaya daga cikin alamun da aka koya mana ita ce farce ya yi shuɗi, don yana nuna iska ba ta isa jini.

Ina kama hannun Alhaji sai na ga alamar nan. Farcensa shuɗi, tafin hannunsa shuɗi, wuyansa ma haka. Na maƙala masa na'urar da ake sa wa a yatsa, ta ƙi ba ni lamba mai ma'ana. Matarsa Hajiya Binta ta ce, “Sista, har gumin da yake yi shuɗi ne! Dubi singiletinsa.” Na duba, wallahi shuɗi ne. Na ruga ofishin Likita ko sallama ban yi ba.

Kafin mu fito, Alhaji ya fara sallama da duniya. Ya raba wuƙaƙensa, ya nemi gafarar kowa. Muna isowa muka tarar yana cewa da muryar mai barin duniya, “Jama'a, bijimin nan da nake ba ku labari, a ɗaure yake. Kuma ba ni na kayar da shi ba, santsi ne ya kwashe shi.” Wani dattijo cikin mahautan ya share hawaye ya ce, “Mun sani, Alhaji, muna wurin. Mun yafe.”

Likita bai yi gaggawa ba. Ya ce, “Alhaji, buɗe baki.” Ya duba harshe, ya ja fatar ido, ya saurari ƙirji. Sai ya ce kowa ya fita, a bar shi da Alhaji da Hajiya da ni. Da aka rufe ƙofa ya ce, “Wannan shadda ta yi kyau. Yaushe aka saya?”

Alhaji ya ce, “Likita, ina mutuwa kana zancen shadda? Shekaranjiya na saya a Oshodi.”

“An wanke ta kafin ka sa?”

“Wa ke wanke sabuwar shadda?”

Ashe tun safe ya sa ta ya tafi ɗaurin aure, a hanyar dawowa danfo, motar hayar da ya shiga, ya maƙale a cunkoso, ya yi ta gumi yana sharewa da hannun riga, shuɗin shaddar na zuba a jikinsa. Likita ya ce, “Sista Ladi, ba ni auduga da sifirit.” Ya goga a tafin hannun Alhaji sau ɗaya. Auduga ta yi shuɗi, hannu ya koma yadda Allah ya yi shi.

Hajiya Binta ce ta fara dariya, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa kunya ta kama ni, don ni ce na ruga da gudu. Alhaji ya daɗe yana kallon audugar, sannan ya ce a hankali, “Likita, na faɗa musu zancen bijimi.”

“Na ji.”

“Ka taimake ni. Ka kwantar da ni ko kwana biyu ne, ka sa mini ruwa. In na fita da ƙafata yanzu, ba ni da sauran zama a Agege.”

Likita ya ce ba ya kwantar da mai lafiya, amma tunda an zo, a bari Sista ta auna jini. Alhaji ya miƙo damtse ba musu. Na auna, na sake aunawa, na nuna wa Likita. Wannan karon bai yi murmushi ba. Jinin ya hau matuƙa, irin hawan da ke kayar da mutum ya shanye masa rabin jiki ba tare da gargaɗi ba. Bayan ya huta muka sake gwadawa, bai sauka ba.

Likita ya ce, “To Alhaji, ka samu abin da kake nema. Za ka kwana.” Alhaji ya ce, “Alhamdu lillahi!” Ban taɓa ganin wanda ya yi murna da hawan jini ba sai shi.

Likita ya fita ya gaya wa mahauta cewa an gano ciwon, an kuma kama shi da wuri. Bai yi ƙarya ba, bai kuma ambaci shadda ba. Washegari Alhaji ya aika a karɓo masa wuƙaƙensa. Tun daga nan yake shan magani, kuma yana nan da ransa, jikokinsa ma nan ake kawo su.

Da yammacin ranar da aka kawo shi na ba Likita haƙuri kan gudun da na yi. Ya ce, “Gudun daidai ne, gobe ma ki yi. Amma kafin ki yarda da na'ura, ki dubi harshe.”

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk sabuwar nas. Ki dubi mutum gaba ɗayansa, har rigar da ke jikinsa. Kuma mutanenmu sun fi tsoron a yi musu dariya fiye da ciwo. Idan kika rufa wa mutum asiri a ranar da ya yi wauta, zai miƙo miki hannu ki auna duk abin da kike so.