Sunan Dogo a wayoyin mutane

Shekara biyar ke nan da muka binne yayana Yohanna, wanda duk Malumfashi ta sani da Dogo Mai Iri. Ni ne ƙanensa Iliya, ni na gaji shagon. Karatuna bai yi nisa ba, zan faɗi abin yadda yake.

Lokacin da ya karɓo na'urar biyan kuɗi da kati, ma'aikacin banki ya so ya sa masa sunan kamfani da Turanci, wanda zai riƙa fitowa a saƙon duk wanda ya biya. Dogo ya ƙi. Ya ce manomin Gozaki in ya ga baƙon suna a wayarsa, 'yan damfara zai ɗauka, ya ruga ya rufe katinsa. Ya sa aka rubuta: Dogo Mai Iri, na gode.

Da ya rasu ban canza ba. Mutum zai sayi irin masara, ya sa kati, waya ta yi ƙara a aljihunsa, matacce ya yi masa godiya.

Bara Malam Sani na Dandume, wanda ya daɗe a Kudu, ya aiko ƙanensa da kati ya sayi taki. Ya ga saƙon, sai ga shi da kansa da zabbi biyu, wai ya zo gaida Dogo. Rahila, matar marigayin, ya tarar a shago. Ita ta gaya masa. Bayan ya tafi ta ce mini, "Iliya, ka bar shi ya kwanta. Na gaji da sanar da mutuwarsa sabuwa."

Wata bakwai ina ja da baya. Watan jiya na je Funtua na cike takarda, aka sa sunana. Da Dogo zai ga wannan, ban san ko dariya zai yi ko fushi ba. Irinsa na nan a gonakin mutane, masu sayensa ba su gudu ba. Wataƙila ya ce ya isa haka.

Akwai abin da ban gaya wa Rahila ba. Duk shekara, ranar da ya rasu, nakan sa katina in sayi ƙullin irin kuɓewa a shagon, don kawai wayata ta yi ƙara. Bana ma, makon jiya, na sa. Ni na gode wa kaina.